Ƙofar da Gwaggo Ba Za Ta Shiga Ba

Sanya, 18 ga Nuwamba

Yaya Yaqin,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, Gwaggo kuma tana samun sauƙi. Mu nan kalau muke, sai hawan jinin nan nawa da ya ƙi sauka. Likita ya raba ni da gishiri da barasa, to me ya rage? Matata Alian tana gaishe ku. Matar ɗanmu cikinta ya tsufa, farkon Janairu ake sa rai.

Sau huɗu ina kiranki kina katse wayar, shi ya sa na koma takarda. Ita dai sai kin buɗe kafin ki yaga.

Madam Meng maƙwabciyarku ta zo wajen 'yarta a nan, a bakinta na ji cewa likita ya ce huhun Gwaggo ba zai ɗauki wani sanyin Jiamusi ba, balle bana da take ita kaɗai a ɗaki tun rasuwar Baba Tong a Satumba. Ban ga dalilin da za a bar tsohuwa tana tari cikin ƙanƙara ba, ni kuma ina nan kudu cikin zafi ina rubuta miki da singileti. Ku taho ke da ita, ku yi Sabuwar Shekararmu ta gargajiya ta watan Fabrairu a nan, ku zauna har sanyi ya karye.

Na riga na duba muku wuri a gaɓar Yalong. Otal ne mai tauraro biyar, motocin kamfaninmu suna kai masa baƙi, manajan abokina ne. Yashin wurin fari sol, ɗakuna suna kallon teku, har da wata 'yar mota mai batir da ke ɗaukar tsofaffi daga ƙofar ɗaki zuwa bakin ruwa. Ga hotuna nan na saka miki. Maganar kuɗi kada ki ma tayar da ita. A otal kowa zai fi sakewa.

Ki karanta wa Gwaggo da ƙarfi, ta kunnen hagu.

Ƙaninki,
Lang Deshun


Jiamusi, 26 ga Nuwamba

Manaja Lang,

Takardarka ta iso da hotunanta masu ƙyalli. Muna nan yadda ka bar mu shekara tara da suka wuce, sai dai mun ragu da mutum ɗaya. Inna, Gwaggon taka, tana tari tun daga asuba har a sha shayi, ni kuma gwiwa. Ka ci gaba da barin gishiri.

Ba zan kira ka Shunzi ba. Shunzi wani yaro ne mai majina da aka kawo gidanmu yana shekara bakwai, uwarsa ta mutu, an tura ubansa saran katako a dajin Yichun. Babanka da Inna 'ya'yan wa da ƙani ne kawai, da ta ce ba wuri ba wanda zai zage ta. Shekara biyar ka yi a kan gadon bulonmu da ake hura wa wuta ta ƙasa. Baba ya ba ka gefen murhu inda ya fi ɗumi, ni aka tura ƙarshen bango, kuma duk da haka sai ka tsula mana fitsari. Ban tuna an kama maka otal ba.

Yalong ɗinka na tambayi Madam Meng, ta dawo jiya. Ta ce in ka fita ƙofar otal ba abin da za ka gani sai ciyawa da aka yi wa aski da masu gadi. Ba kanti, ba kasuwa, kwanon taliya ɗaya kuɗin cefanen mako. Matar da duk safiyar duniya sai ta je kasuwa ta matsa kabeji ta zagi mai sayarwa, ita za ka kai can ka ajiye tana kallon ruwa? Ruwa muna da shi a nan, daskarewa kawai ya yi.

Ka ce a otal kowa zai fi sakewa. Waye kowa? Mu dai mu biyu ne, kuma ba mu ce maka mun takura ba. Gidan nan mai hawa uku da ka turo mana hotonsa bara, kana tsaye a gabansa ka turo ciki, rushewa ya yi?

Na karanta wa Inna ta kunnen hagu. Ta ce in ba wajen Shunzi za ta ba, ba inda za ta, gara ta mutu a gadonta. Ka kuma san shekarar da take ciki, tamanin da huɗu, wadda duk tsoho ke tsoro don ana camfa ta da mutuwa. In aka tambaye ta cewa take tamanin da biyar. Likita ya ce kafin tsakiyar Janairu ya kamata a ce ta bar garin nan.

Tong Yaqin


Sanya, 3 ga Disamba

Yaya,

Ina gaishe ki, ina gaida Gwaggo da jiki. Na sa miki busassun 'ya'yan itacen longan a cikin kwalin nan, a dafa mata da zuma. Gwiwarki ma zafin nan zai yi mata magani in kin bari.

Shekara arba'in da biyar kina riƙe da fitsarin yaro ɗan shekara bakwai. Sannu da ƙoƙari. Ni na gayyace ku hutu, ke kin buɗe min kotu.

Kin ce Yalong ba kanti, na ji. Na fasa shi, na ji kunyar abokina, na koma gaɓar Haitang. Wannan otal ɗin jingine yake da katafaren kantin nan da ba a biyan harajin kaya, wanda mutane ke hawo jirgi tun daga Beijing don shi kaɗai. Akwai gada mai rufi daga otal har cikinsa, rana ba za ta taɓa Gwaggo ba. Gidajen abinci sun fi ashirin, na kifi, na agwagwa, na 'yan Koriya, duk wanda ranku ya so. Abin da kika nema ke nan, kanti da abinci a kusa.

Maganar gidanmu kuwa, ke hoto kika gani. Ɗakunan kwana duk a sama suke, matakalar kuma tsaye take ƙyam, da wace ƙafar Gwaggo za ta hau? Unguwar ga sauro, ga zakaru tun ƙarfe huɗu. Surukata, uwar Alian, tana wuni tana taunar binlang, goron nan nasu, tana tofar da jan yawu a tsakar gida, ba ta jin yarenmu, Gwaggo ba ta jin nata. Me za su ce wa juna wata biyu? Ni alheri nake nufi, in kin ga dama ki karɓa a haka.

Ɗakunan Sabuwar Shekara a garin nan ba sa jiran kowa. Ki ba ni amsa da wuri.

Deshun


Jiamusi, 11 ga Disamba

Manaja,

Longan ya iso, Inna ta sha sau biyu ta ce ya yi zaƙi da yawa. Tarin yana nan, yanzu har da zazzaɓin yamma. Jiya sanyin gari ya kai digiri talatin da ɗaya ƙasa da sifili.

Kantin da ba haraji! Kai, Manaja, kanka yana ja. Tsohuwa mai shekara tamanin da huɗu, wata uku da mutuwar mijinta, za ka kai ta ta sayi jan baki da agogon Turai. Madam Meng ta ce jaka ɗaya a wurin kuɗin fanshona na shekara ce. Mu tsaya a bayan gilashi da rigunanmu na auduga 'yan mata masu turare suna kallonmu, shi ne hutun?

Matakala kuma, hawa na biyar muke zaune ba lif, kai ka sani, Inna tana hawa tana sauka shekara talatin. Sauro bai taɓa kashe ɗan Jiamusi ba. Zakara kuwa, matar da ba ta jin ƙarar ƙofa ita zakara zai tasa? Ka tara dalilai har huɗu, da ɗaya kake da shi na gaskiya da shi kaɗai za ka faɗa.

Bari in faɗa maka tunda bakinka ya yi nauyi. Muna cikin makoki. Shekarar farko ce, kuma ga ciki a gidanka. Wani a gidan naka ya ce kada masu mutuwa su tsallake masa dokin ƙofa, kai kuma ka ce to, ka fita ka sayo mana tauraro biyar ka rufe bakinmu da shi. Ƙarya nake?

Ba al'adar ce ta ƙona min rai ba, ni ma a cikinta aka haife ni. Abin da ke ci na shi ne ka mai da mu wawaye, kana mana tallan yashi. Mutumin da ya saya maka takalminka na farko ya mutu, ba ka zo ba, ba ka kira ba sai bayan mako biyu, yanzu kuma warin mutuwarsa kake gudu a jikin matarsa. Na tsane ka a kan wannan, Deshun, gara ka sani.

Ka rubuto gaskiya da hannunka, ko kada ka sake rubutowa.

Yaqin


Sanya, 19 ga Disamba

Yaya Yaqin,

Ina gaisuwa. Zazzaɓin yamman nan bai kwanta min ba, ki kai ta a yi mata hoton ƙirji, kada ki tsaya jiran Litinin.

Zan fara da otal, don ko kin tsane ni tsohuwar tana bukatar wurin kwana. Na sami na uku, a Dadonghai, cikin gari. Sunansa Lambun Kwakwa. Wannan ban tambayi kowa ba, da ƙafata na taka. Ƙofar baya tana fita kan yashi, ta gaba tana fita kan titi. In kin karya kwana ɗaya ga kasuwar safe, da kabeji da masu sayarwa da za a zaga. Gaba kaɗan akwai gidan abincin wani ɗan Hegang, ɗan arewa irinmu, matarsa ce ke naɗa jiaozi, ƙullin fulawar nan mai nama a ciki, a gabanki, kabejinsa mai tsami daga gida ake kawo masa, na ci na kusa kuka. Rabin unguwar namu ne 'yan arewa, tsofaffi suna karta a ƙarƙashin bishiya suna ashar da muryar gida. Asibiti minti goma ne. Ki nemo wa wannan aibi in gani.

Yanzu gaskiyar da kika nema. E, haka ne. Gidan ba nawa ba ne, na surukata ne, filin ubanta ne, ni na dai zuba masa hawa na uku. Shekara ashirin da shida ina ciki, har yau in ta yi fushi "ɗan arewan nan" take ce min. Ta ce mai makoki ba zai shigo mata a bakin shekara ba, balle ga haihuwa. Na yi magana, ta kawar da kai. Ban iya rubuta miki haka ba saboda kunya. Kin ji daɗi?

Amma tunda yau ranar gaskiya ce, ke ma ki ji taki. Kin ce ban zo jana'iza ba. Wa ya kawo min saƙon mutuwa? Kin fi ni sanin cewa ba a zuwa sai an sanar da mutum. Kwana goma sha ɗaya da binne Baba na gani a wani hoto da ɗan ajinmu na firamare ya tura, furanni da sunansa a jiki. A cikin mota nake da baƙi 'yan Shanghai, na tsaya a gefen titi na kasa tuƙi. Mai sayar da kwal na unguwarku ma an gaya masa, ni ba a gaya min ba. Ke kika fara rufe min ƙofa, Yaya, yanzu kike kukan tawa.

Otal ɗin ya riƙe min ɗakuna har sha biyar ga Janairu.

Deshun


Sanya, 6 ga Janairu

Yaya,

Da fatan lafiya ce ta kawo shirun nan. Kwana goma sha takwas ba amsa, wayarki a kashe, ta gida tana ta ringi ba mai ɗauka.

An haihu shekaranjiya, namiji, kilo uku da rabi, uwa da ɗa lafiya. Na so Gwaggo ta fara ji kafin kowa, amma ta ina?

In fushi kike da abin da na rubuta, ki yi abinki, ban janye ko kalma ɗaya ba. Sai dai ki tuna ba huhunki ba ne. Kina can kina gasar taurin kai da ni, ita ce ke biya da numfashinta. In wani abu ya same ta cikin sanyin nan alhali ga ɗaki a nan yana jiranta, ba zan yafe miki ba, kuma zan faɗa a gaban kowa.

Saura kwana tara a saki ɗakunan.

Deshun


Jiamusi, 12 ga Janairu

Deshun,

Barka da samun jika. Inna ta ji, ta yi dariya har tari ya sarƙe ta.

Gasar taurin kai, in ji ka. Kwana goma sha uku muka yi a asibiti, ruwa ya taru mata a huhu, ni a kan kujerar roba nake kwana. Jiya aka sallame mu, na tarar da takardunka biyu a ƙarƙashin ƙofa, ɗaya ta fi ɗaya rashin kunya. Likita ya ce in ta ƙara kwana goma ba zazzaɓi za ta iya hawa jirgi, in kuma ta zauna ya dawo, kada mu ce bai gaya mana ba.

Saƙon mutuwa. Na karanta wannan wurin sau uku. Ashe zaman kudu ya mantar da kai komai. Bare ake kai wa saƙo, a je ƙofarsa a durƙusa a sa goshi a ƙasa, haka na yi wa mai kwal da sauran. Ɗan gida ba a durƙusa masa, kiransa ake a ce taho. Baba ya cika da ƙarfe tara na safe, kafin tara da rabi na kira wayarka, a kashe. Na kira ta gidanku, matarka ta ɗauka. Ta ce kana tsibiri da baƙi. Na ce mata Baba ya rasu, ki ce wa Shunzi ya hau jirgin yau. Ta ce, "To, Yaya, sannu, zan gaya masa." Da kunnena na ji, ba wani ya ba ni labari ba.

Ka san Baba ba shi da ɗa namiji. Tun yana iya magana ya ce kai za ka fasa masa kaskon ƙasa a ƙofa ranar da za a fita da shi. Inna ta yanka baƙin ƙyallen 'ya'ya guda biyu, irin wanda ake maƙalawa a dantse, nawa da naka. Kwana uku muna jira, duk motar da ta tsaya sai ta ce a leƙa. Rana ta huɗu wani jikan ƙanin kakan Baba, wanda Baba ko sunansa bai sani ba, shi ya ɗaga kaskon. Bai ma fashe a bugun farko ba, sai da ya sake, mutane suna kallon ƙasa. Wannan kunyar ce nake ɗauke da ita wata huɗu, kai kana aiko min hoton wurin ninƙaya.

In da gaske ba ka ji ba, ba ni za ka tambaya ba. Ka juya ka tambayi wadda kuke cin abinci a tebur ɗaya.

Na karanta wa Inna labarin otal na uku. Ta saurari zancen kasuwa da ɗan Hegang. Can ta ce in yi maka tambaya ɗaya, daga amsar za ta san ko ta haɗa kaya. Gidan da aka yi mutuwa ba ya liƙa jar takardar Sabuwar Shekara a ƙofa sai bayan shekara uku. Ta ce in tambaye ka, kai bana ja za ka liƙa?

Yaqin


Otal Lambun Kwakwa, Dadonghai, 19 ga Janairu

Yaya,

Sannu da jinya. Ki ce wa Gwaggo ina durƙushe ina gaishe ta. Jinina ya hau ɗari da tamanin, kada ki gaya mata wannan.

Na tambayi Alian. Tana yanka abarba, ko wuƙar ba ta ajiye ba. Ta ce, "Na ɓoye. Da na gaya maka da ka tafi ka fasa kasko ka dawo mana da mutuwa a jikinka, yarinya tana da cikin wata biyar bayan ɓari biyu. Ga yaro nan yana numfashi. In za a sake, haka zan sake."

Na ce, "Mutumin nan shi ya raine ni."

Ta ce, "Shi ya riga ya tafi, wannan zuwa yake. Wanne zan tsare?"

Ban taɓa ɗaga wa matar nan hannu ba, ranar ma ban ɗaga ba, amma na fasa faranti uku. Abin haushin shi ne na kasa ce mata muguwa. Ni na kai yarinyar asibiti duka sau biyun, na san abin da aka gani.

Ƙofar gidan ba tawa ba ce, ja za su liƙa, har sun saya. Ki gaya wa Gwaggo haka, ba zan ƙara yi mata ƙarya ba. Amma dantsena nawa ne. Washegari na je wajen tela na yanko baƙin ƙyalle na maƙala da fil, na dawo gida da rana tsaka kowa yana gani. Surukata tana zaune a bakin ƙofa, bakinta jajir. Ta miƙe ta gicciya tsintsiya.

Ta ce, "Ɗan arewa, wa ya mutu?"

Na ce, "Ubana."

Ta ce, "Ubanka ya shekara goma a ƙasa."

Na ce, "Biyu gare ni."

Ta ce in cire in wanke hannu da ganyen lemo in shiga, ko in koma inda na fito har a gama bikin fitilu da ke rufe hidimar Sabuwar Shekara. Ɗana yana tsaye a bayanta yana kallon silifas ɗinsa. Alian ce ta miƙo min jaka ta taga, ta sa maganin hawan jinin a sama.

Ga ni a otal ɗin da na taka muku. Na kama ɗaki biyu masu ƙofa a tsakani, ku a babban mai kallon teku, ni a ƙaramin. Ranar uku ga Fabrairu za a yi bikin cikar watan yaron, tebur ashirin, ni ne kakan, kujerata za ta zauna ba kowa. Sau biyu kacal na ɗauke shi. Gidan daga nan minti ashirin ne a mota.

Kada ki ɗauka don ke na yi. Ke da kin sake kira ko sau ɗaya a cikin kwana ukun nan, da kin same ni. Kin zaɓi ki zauna ki yi fushi, don fushi kika fi iyawa tun muna yara. Laifin matata ya fi naki, amma naki yana nan.

Ki tambayi Gwaggo ko amsar ta ishe ta.

Shunzi


Jiamusi, 25 ga Janairu

Shunzi,

Muna lafiya. Yau kwana goma sha huɗu ba zazzaɓi, jiya ta cinye kwanon gero har ta nemi ƙari. Ka sha maganinka, ba ni da ƙarfin jinyar mutum biyu.

Gaskiya ne ban sake kira ba. Na ce a raina in ɗa ne zai zo da kira ɗaya. Ka riƙe wannan, shi ne iyakar abin da za ka samu daga wajena. Matarka kuwa kada ta kuskura ta aiko min da ko kwakwa ɗaya.

Na karanta wa Inna takardarka duka, har da ɗari da tamanin ɗin, ni ba na ɓoye saƙo. Da na zo wurin tsintsiya ta sa hannu ta rufe fuska, ta daɗe a haka. Abin da ke ƙasa maganarta ce, yadda ta faɗa na rubuta.

"Ki ce wa sakaran nan, wa ya gaya masa zan shiga gidan mai jego da makoki a jikina? A daji aka raine ni? Ko surukarsa ta shimfiɗa min jan kilishi, a bakin titi zan tsaya. Matar nan ta yi daidai da ta tsare ƙofarta, ni ma da haka zan yi. Ni cewa na yi wajen Shunzi za ni, ban ce gidan Shunzi ba. So nake in san ko akwai shi. Ki ce masa ya sa a ba ni gado mai tauri, kuma ranar jajiberen Sabuwar Shekara a ɗaki za mu naɗa jiaozi mu uku, ɗan Hegang ya ara mana faranti."

Ka ji. Wata biyu ina yaƙi da kai a kan ƙofar da ashe ba ta da niyyar shiga, ta bar ni ina ta haushi ba ta ce min uffan ba. Na tambaye ta dalili, ta ce da ta hana ni da har yanzu hoton yashi kake aiko mana. Yanzu ku biyun nake jin haushi.

Jirginmu zai sauka ranar talatin da ɗaya, ƙarfe biyu da kwata na rana. Ka zo da keken tura marasa lafiya, kuma kai za ka tura, ba direbanka ba.

Abu na ƙarshe, ka karanta da kyau. Akwai wani ɗan kwali a cikin kayanmu, naɗe da jar leda. Takalman jariri ne masu kan damisa. Inna ta ɗinka su tun watan Yuli da ta ji labarin cikin, Baba yana raye, shi ya zare mata zaren gashin bakin damisar. Tun ranar da ya rasu ba ta taɓa su ba, ni ma ban taɓa ba. Madam Meng ce ta zo ta naɗe, ita ta sa a jaka, ta ɗaure da igiya mai tsawo yadda za a jawo. Ka zo da wani daga kamfaninku wanda ba a yi masa mutuwa ba, ya ciro ya kai gidan kafin ranar uku, ya ce daga kakar uban yaron ne.

Inna ta ce in ja maka kunne, don ta san halinka da rawar jiki. Kada ka taɓa kwalin. Kai ma yanzu hannunka irin namu ne.

Yayarka,
Yaqin